Kambun Bawa Tsatsa a Ɗakin Jini

Ajiye shi, Maryama. Mai da shi inda kika gan shi, cikin tiren nan kusa da auduga. Yaushe kuka zo ɗakin nan da har kun fara zaɓen abin da za a jefa kwandon shara? Na san tsohuwar fata ce, na san ta yi baƙi, na san ba a koya muku ita a makaranta ba. Kambu ne, layar da maza ke ɗaurawa a damtse, kuma ai kin ga kullum sai na sa shi cikin sabuwar safar hannu kafin in miƙa wa mutum ya matsa. Ku jawo benci ku zauna, tunda wuta ta ɗauke kuma babu kowa a layi. Kai ma Nasiru zauna, kai da na ji jiya kana gaya wa abokinka wai ɗibar jini ba aiki ba ne, soka allura ne ka ja. Madalla da kai. Ni Garba Sauro na tsufa ina sokawa ina ja, bari in gaya muku abin da ke tsakanin sokawar da jan.

Sauron ma ba sunan yanka ba ne. Yaran Kaura suka liƙa min, wai ba na ganin mutum sai na sha jininsa. Ban damu ba, don jini gadona ne. Mahaifina wanzami ne a Zurmi, na tashi ina ɗaukar masa zabira. Ran kasuwa sai ka ga maza jere ƙarƙashin bishiya, riguna a tuɓe, ya tsaga bayan mutum da aska, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe. In ya cire, sai ya juye gudan jinin a ƙasa, baƙi ƙirin, ya nuna wa mai shi: "Ka gani? Mataccen jini na. Shi ka hana ka kwana." Mutum ya leƙa, ya yi salati, ya tashi yana miƙa wai har ya ji sauƙi.

Da na dawo hutun farko daga makarantar koyon aikin lafiya, kai na hayaƙi, na zauna gabansa na ce, "Baba, jinin nan fa ba matacce ba ne. Duk jinin da ya gama zagaya jiki yana hanyar komawa zuciya haka yake, duhu-duhu. Kuma duk jinin da ka bari a waje sai ya daskare, ko na jinjiri ne." Ya dube ni sama da ƙasa yana wasa askarsa. Ya ce, "Tuɓe riga in kahwa ma ƙaho biyu. Surutu ya yi ma yawa." Ban sake ɗauko zancen ba har ya rasu. Amma abu biyu na gada wurinsa, kuma su nake ci har yau: hannu mara nauyi, da iya ja wa mutum hira har ya manta akwai ƙarfe kusa da shi.

Aikin gaske a Shinkafi na koye shi, hannun wani dattijo, Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Ranar da na fara, na shigo da littafina a hammata, ya karɓe ya sa a ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa. Ya ce ranar Alhamis in same shi bakin kasuwa. Na zaci cefane za mu yi. Muka nufi rumfar mahauta, ya ɗaga zuciyar saniya da hannu biyu, ya ce, "Cusa yatsanka nan." Na cusa. "Ina ya fita?" Na ce wani ɗaki. Haka ya yi ta sa ni ina shiga ina fita, har na gane ɗaki huɗu ne, biyu dama biyu hagu, da bango a tsakiya. Na dama ke karɓar jinin da ya gaji ya dawo daga jiki, ya tura shi huhu ya sha iska ya yi ja. Na hagu ke karɓo shi daga huhu, ya watsa shi jiki duka, tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Ya ce in taɓa bangon hagu in ji kauri, don shi ke aikin nesa. Ya nuna min 'yan ƙyauren fata da ke tsakanin ɗakunan, masu buɗewa gefe guda, jini ya wuce ba ya komawa baya. Muna cikin haka mahaucin ya gaji, ya ce, "Malam, in saye za ku yi ku saya. In kuwa duba ta kuka yi, saniyar ta riga ta mutu." Muka saya. Da yamma matar Malam Ɗanjuma ta yi mana farfesun darasin.

A nan na fara raba jijiya da jijiya, don mu Hausawa komai jijiya ne. Akwai mai fita da jini daga zuciya: bangonta da kauri, ko an yanke ta bakinta a buɗe yake tsayawa, tana can ciki a ɓoye, kuma in ka danna ta za ka ji tana harbin yatsanka. Wannan ba taka ba ce. In ka kuskura ka soke ta, za ka ga jini ja wur yana tura sirinji da kansa, to ka zare ka danne wurin da ƙarfi, ka yi ta dannewa har hannunka ya gaji. Akwai mai mai da jini zuwa zuciya: laushi gare ta kamar ganyen albasa, tana kwance kusa da fata, ba ta harbi. Ita ce abokiyar aikinmu. Akwai kuma ta uku wadda ba ta jini ba ce sam, igiya ce mai tauri da ke riƙe tsoka. Sabon shiga yana son ta don ita ce ke fitowa ɓaro-ɓaro, ya soka, majinyaci ya yi ihu, sirinji kuma a bushe.

Malam Ɗanjuma bai yarda da ido ba. Sai ya ɗaure min fuska da rawaninsa, ya miƙo nasa hannun, ya ce, "Nemo." In na ce ga ta, ya ce, "Soka." Dattijon nan hannunsa duk tabon ɗalibai ne. Igiyar robar nan da kuke ɗaurawa kamar kuna ɗaure akuya, shi ya koya min ma'anarta. Ba don ka tsai da jini kake ɗaura ta ba. Kana tare hanyar komawa ne, ka bar hanyar zuwa a buɗe, jini ya yi ta shigowa hannu ya rasa mafita, jijiya ta cika ta taso. In ka matse har ka toshe mai kawowa, me zai cika ta? Shi ya sa in ka ɗaura, ka taɓa wuyan hannu. In bugun ya ɓace, ka sassauta. Nasiru, jiya na ga hannun wata baiwar Allah ya koma toka a wurinka, kana tsaye kana jiran jijiya kamar mai jiran mota.

Mutanen da ke zuwa kuwa, kowa da irin tasa. Wani makiyayi daga wajen Jangeru na ɗebi jininsa 'yar kwalba don gwajin zazzaɓi, ya koma gindin bishiya ya zauna. La'asar ta yi yana nan. Na ce, "Baffa, ai an ba ka magani, me kake jira?" Ya ce jininsa yake jira, in mun gama dubawa a mai da masa abinsa. Wani Alhaji mai shagon atamfa kuwa, da ya ga jinin ya fito da duhu, cewa ya yi in ci gaba da ja kada in tsaya sai ja ya fara fitowa, a kwashe gurɓataccen duka. Amma babban abin kallo shi ne dangin majinyaci. Za ka ga baranda cike, kawu da baffa da ɗan maƙwabci, kowa na share hawaye yana cewa da ma ni ciwon ya kama. Ka fito kawai ka ce, "Jama'a, ana neman jini leda ɗaya." Wallahi sai ka ga masallacin asibiti ya cika ba lokacin salla ba. Wani fitsari ya kama shi, wani ya tuna bai kulle babur ba, wani ya ce ai shi jiya-jiyan nan ya tashi daga shawara. Ka yi ta bayani cewa jiki yana mai da abin da aka ɗiba, ba rijiya ce mai ƙafewa ba. Suna gyaɗa kai suna ja da baya.

Sai shekarar da hanyoyi suka lalace. Ba sai na gaya muku ba, a cikinta kuka girma. Mutanen daji sun tare hanyar Zurmi, sun tare ta Shinkafi, ƙauyuka suna tashi, kasuwar Moriki wata rana ta ci wata rana ba ta ci ba. Masu rauni na shigowa, ga damina ta kawo yara masu zazzaɓi da jininsu ya ƙone, ga mata masu haihuwa. Firij ɗinmu kuwa ba komai ciki sai ruwan sanyin masu gadi. Mu kanmu ma'aikata mun ba da namu har aka hana mu. Ban taɓa jin sana'ata ta yi min ɗaci kamar shekarar nan ba, don allura na hannuna, jijiya na gabana, abin da zan zuba ne babu.

Wata ranar Talata da hantsi aka kawo wata yarinya, Rabi, daga wani ƙauye bayan Moriki. Ta haihu da asuba a gida, ɗa na da rai, jini kuwa ya ɓalle. Unguwarzoman asibiti ta samu ta tsai da zubar, amma abin da ya fita ya fita. Na je ɗibar na gwaji, na buɗe cikin idonta fari fat, tafin hannu fari, yatsu sanyi ƙalau. Bugun hannunta na gudu amma siriri, da ƙyar yatsa ke kama shi. Ku riƙe wannan: in jini ya ragu, zuciya ƙara sauri take yi don ɗan abin da ya rage ya zagaya, jiki kuma ya tsuke hanyoyin fata da hannu da ƙafa, ya tattala sauran ga ƙwaƙwalwa. Yana iya yin haka na ɗan lokaci, ba har abada ba. Likita ya ce in ba a sa mata jini kafin yamma ba, ba ya tsammanin za ta kai gobe.

Na gwada, jininta ya fito irin wanda ba a faye samu ba. Na gwada mijin bai dace ba, na gwada ƙanensa da direban da ya kawo su, babu. Uwarta, wata gajerar tsohuwa mai suna Tumba, ta miƙo hannu, nata ma bai dace ba, kuma ita kanta in an samu rara sai a ƙara mata. Na ce, "Inna, uban yarinyar na da rai?" Ta yi wani tsaki. Ta ce, "Shina da rai. Shina tahe ma. Sai dai ka shirya."

Ban gane ba sai da na ji kiɗa daga bakin ƙofa. Kiɗa fa, a asibiti. Ashe uban Rabi shi ne Bawa Tsatsa, sarkin 'yan taurin yankinsu, wai Tsatsa don ita ke cin ƙarfe. Kun san 'yan tauri, masu shan magani su goga wuƙa a ciki ba ta kama su. A shekarar nan kuwa ba wasan salla kawai yake yi ba, shi ke jan samarin da ke gadin ƙauyensu, kuma hanya ba ta biyuwa mutum ɗaya, shi ya sa suka rako shi cikin mota a-kori-kura, har da makaɗinsa. Ya shigo, ƙato, baƙi, guru a ƙugu, kambun nan a damtse, samari sun cika min ɗaki da taga. Rabi 'yar farinsa ce, don haka ko sunanta ba ya faɗa. Ya ce, "An ce yarinyar ga na son jini. Ga ni. Sai dai, likita, in hwaɗa ma gaskiya, ƙarhe bai shiga ta."

Na ce, "Sarki, mu gwada mu gani." Na kama yatsansa, na ɗauko ɗan tsinken da muke tsaga fata da shi. Yatsan manomi ne da ya shekara yana riƙe fartanya, fatar ta yi kanta da kauri, tsinken kuwa na yara ne, shi ya rage mana. Na danna. Ko ɗigo. Ɗakin ya ɗauki ihu: "Tsatsa! Tsatsa maci ƙarhe!" Makaɗi ya saki kiɗa. Na ce to bari mu je hannu. Na ɗaura roba ƙasa da kambun, na laluba gwiwar hannu, babu komai, shafe kamar ba a taɓa shimfiɗa jijiya a wurin ba. Na ga wata inuwa na soka. Fatar dai ta hudu, amma sirinji a bushe, kuma ba wanda ya duba fata, sirinji suke kallo. Wani saurayi ya faɗi ƙasa yana birgima don murna. Ana cikin haka unguwarzoma ta leƙo ta taga, ta dube ni ta girgiza kai. Na gane yarinya na tafiya, mu muna nan muna biki.

Raina ya ɓaci, na ji kamar in fasa gangar nan a kan mai ita. Amma sai na yi abin da Malam Ɗanjuma ya ce in yi duk lokacin da ido ya rasa: na ɗora yatsu biyu a wuyan hannun mutumin. Subhanallahi! Zuciyar Sarkin Tauri gudu take kamar ta ɓarawon da aka biyo. Tafinsa sanyi, jiƙe da gumi. Fuska na murmushi, baki na amsa kirari, amma hannunsa da na 'yarsa da ke kwance can ɗaki guda ne: sanyi, bugu na sauri, hanyoyin fata a tsuke. Ita rashin jini ya tsuke nata, shi tsoro. Baki na iya cewa komai, yarana, bugun hannu ba ya taya mutum ƙarya.

Yanzu me zan yi? In na ce tsoro yake ji, na rasa shi, na rasa yarinyar, wataƙila in rasa haƙori. Sai na saki hannun, na ja baya, na ce da ƙarfi yadda na taga za su ji, "Sarki, na sallama. Ƙarfena ba zai shiga ba sai in kai ka ga dama ka kwance. Kuma na san irin wannan ba a kwance shi gaban jama'a." Ya dube ni, na dube shi. Ya juya ya ce, "Ku hita. Duk wanda yal leƙo, idonai." Kafin ka ce me, ɗaki ya zama wayam. Tumba ce kaɗai ta shigo ta mai da ƙofa ta jingina da ita.

Ƙofa na rufuwa ƙaton nan ya sulale kan benci. Ya ce a hankali, "Likita, ba ka gane ba. Yaran can da sanda suka kwana bakin gari, don sun ga ina nan. Na daji ma labari na kai musu. In an ji allura ta shige ni, gobe ba mai tsayawa." Na ga gaskiyarsa, ba sunansa kaɗai yake karewa ba. Sai ya ƙara rage murya: "Kuma ni tun ina yaro ban son allura."

Tumba ta taso masa. "Ba ka son allura? Wa ka cire ma ƙaya duk damana? Ba ni ba? Da mi nika cire ta, da muciya? Kana kuka ina toshe ma baki da zane kar maƙwabta su jiya! Malam, ɗiyata na can tana mutuwa. Ka miƙa hannu, ko wallahi in buɗe ƙohwar ga in ba su labarin ƙaya tun daga hwarko."

Ya miƙa.

Na aika aka kawo ruwan ɗumi daga wurin mai shayi, da shayin kansa mai sukari kofi babba. Na jiƙa tawul na naɗe masa hannu, don ɗumi ke buɗe abin da sanyi da tsoro suka tsuke. Na kwantar da shi, na saukar da hannun ƙasa da ƙirji. Kambun na zaune daidai inda ya kamata robata ta zauna tun farko, na ce sai an cire. Ya kwance shi da kansa. Ba mu da ƙwallon da ake matsawa, yaran ma'aikata sun daɗe da sace ta, sai na danƙa masa kambun a tafi, na ce, "Matsa, saki. Matsa, saki." Na shiga tambayarsa geron bana da kuɗin taki, irin hirar babana. Yana zagin masu sai da taki, jijiya ta taso a gwiwar hannu, lafiyayya, ta kai kaurin karan dawa. Bai san na shiga ba sai da na fita.

Na gwada, na tantance, Allah cikin ikonsa jinin ya dace. Na dawo na tarar har ya miƙe yana gyara riga, wai an gama. Na ce, "Sarki, wancan ɗanɗano ne." Kuskuren da ba na so ku taɓa yi shi ne ku bari mai ba da jini ya ga allurar leda, don kun san ba ƙarama ba ce. To ya gani. Ya ce, "Wagga ta shanu ta!" Tumba ta kama kansa ta juya shi bango, ta riƙe ɗaya hannun. Na shiga. Leda ta fara cika yana matsa kambu yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga bayi.

Can ya saci kallo. Ya ga jinin baƙi-baƙi yana gangarawa, sai ya yunƙura zai tashi. "Tsaya, likita! Wanga matacce na. Kar ka sa ma yarinya wanga, nemo mata mai kyau." Na ji kamar babana ne ya dawo. Na danne kafaɗarsa na ce, "Ba matacce ba ne, gajiya ya yi, ya dawo daga aiki. Yana shiga jikinta zai wuce zuciyarta, ta tura shi huhu ya sha iska, ya yi ja, ya zagaya ko'ina. Kafin yamma wannan da kake gani shi zai ɗumama mata ƙafa." Ya ƙura wa ledar ido. Ya ce, "Cikin zuciyar Rabi za shi shiga?" Tumba ta dube shi da sauri, don tun da aka haifi yarinyar ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Na ce, "Cikinta." Ya mai da kai ya kwanta. Ya ce, "To cika ta ƙwarai."

Unguwarzoma ta zo ta karɓi ledar da gudu. Ni kuwa tunanina yadda zai fita. Na liƙa masa auduga, na ce ya saki hannun riga ya rufe, in an tambaya ni zan ce wani aka samu. Ya tashi zaune. Ya sha madara, ya ɗaura kambunsa, ya naɗe hannun rigar har kafaɗa, ya buɗe ƙofa. Samari suka zuba wa audugar ido. Ya ɗaga hannun sama ya ce, "Kun gani? Ni nib buɗe, ƙarhe yas shiga. Na ko ruhe. Wanda bai iya buɗewa da ruhewa, bai gama sanin tauri ba." Wai! Ihun da aka yi ya fi na farko. Makaɗi har ganga ta kusa tsagewa. Ina tsaye bayansa ina cewa a raina, wannan mutum da boko ya yi da mun shiga uku.

Ashe bai gama ba. Ya juyo ya tambaye ni a hankali ko gaskiya ne firij ɗinmu ba komai. Na ce gaskiya ne. Ya fuskanci yaransa ya ce, "Duk wanda yash sha magani hannuna, na buɗe shi har hwaɗuwar rana. Ku yi layi." Murna ta tsaya cak. Wani dogo daga baya ya ce, "Sarki, ni hwa ban ƙare shan nawa ba." Bawa ya ce, "To kai ko buɗewa ba ka buƙata. Shiga gaba." Makaɗin ya ce ai shi kiɗa kawai yake yi. Bawa ya ce masu kiɗa ma jini gare su. Ba mai zuwa masallaci, ba mai tuna babur, don shi da kansa ya ja kujera ya zauna bakin ƙofa. Muka tantance, wanda bai cancanta ba muka ba shi shawara muka sallame shi, sauran muka ɗiba har ledojinmu suka ƙare. Biyu sun suma. Bawa ya ce maganin ne ke komawa mazauninsa.

Kafin magariba na leƙa Rabi. Na taɓa ƙafarta da ɗumi, bugun hannu ya cika ya lafa, tana tambayar ina ɗanta. Jinin samarin nan kuma yara da yawa suka tashi da shi a daminar.

Daga ranar, duk lokacin da muka rasa, saƙo nake aikawa bayan Moriki, in hanya ta yi kyau sai ga a-kori-kura da kiɗa. Shi ke fara shiga, a rufe ƙofa. Kada ku zaci ya saba. Har zuwansa na ƙarshe, in na ɗora yatsa a wuyan hannunsa gudu zuciyar take, tafi sanyi, sai an kawo tawul da shayi, sai Tumba ta juya masa kai bango. Bai taɓa daina jin tsoro ba, bai kuma taɓa ƙin zuwa ba. Na yi aiki da mutane da yawa, ban ga wanda nake girmamawa kamarsa ba.

Ban taɓa ba kowa labarin nan ba yana da rai. Yanzu kuwa Tumba da kanta ke bayar da shi a kowane gidan suna, har da na ƙaya. Bara waccan ya rasu, zazzaɓi ne, a kan gadonsa, ƙarfen kowa bai taɓa shigarsa ba sai nawa da allurar Tumba. Bayan ta fita takaba sai ga ta a ƙofar nan, Rabi na biye da ita da yaron, wanda yana hango farar rigata ya fasa ihu tun ban ɗauko komai ba. Tumba ta ce, "Ka ji, kakanai sak." Ta kwance bakin zane ta ajiye min kambun nan a tebur.

Na ce, "Inna, wannan ai na gado ne, na 'ya'yansa maza ne."

Ta ce, "Shi yac ce a kawo ma. Yac ce duk matsoracin da yaz zo ba da jini, ka ba shi shi matsa."

To kin ji abin da kika so jefawa shara, Maryama. Ga wuta ta dawo, ga kuma wani can a ƙofa tun ɗazu yana leƙowa yana komawa, matarsa ce a ɗakin haihuwa. Nasiru, tashi ka shigo da shi. Kada ka taɓa allura tukuna. Taɓa wuyan hannunsa, in ka ji sanyi ka aika a kawo ruwan ɗumi, sannan ka sa kambun cikin sabuwar safa ka ba shi.